Hula Ta Kai Ce, Ba Ta Hannu Ba

Ban yi niyyar tone-tonen baya ba, don tsohon da ya cika waiwaye tuntuɓe yake yi. Amma tun da yaran nan suka manna hoton fuskata a jikin gilashin shagonsu, har direbobin keke suka fara nuna ni da baki idan na tsaya tsallaka titi, sai abubuwan da na daɗe da binnewa suka riƙa tasowa. Kuma gara in faɗa tun da wuri, ƙyashi nake ji, ba na kuma jin kunyar faɗa. Ina jin ƙyashin yaran da ke sana'ar hula a garin nan yanzu, da shagunansu masu sanyi, da wayoyinsu da ba sa daina ƙara. Abin dariyar ma, a 'yan kwanakin nan har da kaina nake kishi, wato wannan kan mai furfura da ke bisa wuyana.

Iyayena Kanawa ne, ɗinki ya kawo mahaifina Maiduguri, ni kuwa a nan aka yanke mini cibiya. Da ya ga ba ni da haƙurin taka keken ɗinki, amma kullum ina ɓata masa bango da gawayi, sai ya kama hannuna ya kai ni wurin wani dattijo Babarbare mai zanen hula. Rumfarsa inuwar dalbejiya ce kawai da tabarmi biyu. Har yau idan na rufe ido ina jin wurin. Daga gefe masu wankin hula suna bugu, tim, tim, tim, a kan gungumen katako mai siffar kai, ƙamshin ruwan ƙaro da sitaci yana tasowa daga tukunya, 'ya'yan dalbejiya suna faɗowa kan farin yadi muna tsincewa da sauri kada su yi tabo. Aikina na farko shara ne, da fiƙe fensir, da dafa shayi. Da hantsi kuma in ɗauki yadin da aka zana in bi gidaje ina raba wa matan da ke ɗinki, in yi sallama daga zaure, a miƙo hannu ta bayan labule a karɓa. Sai da na daɗe ina wannan kafin maigidana ya yarda in riƙe rula, kuma ranar da na fara jan layi ya karkace, da rular ya ƙwanƙwashe ni.

Hula kafin ta hau kai hannu uku take bi. Mai zane ya shata ta da biro ja da shuɗi a kan farin yadi, mai ɗinki ta bi zanen da allura da zare har ta cike shi, mai wanki ya wanke ya buge ta ta tsaya cak. A zamaninmu ba ɗaya daga cikin ukun nan da ake kiran sunansa. Al'adar ita ce, sabon zane yana cin sunan babban mutumin da aka fara ganin shi a kansa. Idan wani attajiri ko ɗan siyasa ya fito da shi ranar Juma'a ko wurin ɗaurin aure, shi ke nan, washegari masu saye za su zo suna cewa a ba su irin ta wane. Maigidana bai taɓa ganin laifin wannan ba. Da Hausarsa wadda ba ruwanta da mace ko namiji yakan ce mini, "Afuno, ka buɗe kunne. Hula na kai ne, ba na hannu ba." Afuno shi ne Bahaushe a bakinsu, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa kirana da wani suna ba. Idan na tura baki sai ya ƙara da cewa, "Ka taɓa shan ruwa ka tambayi sunan wanda ya haƙa rijiya?"

Zanen da muke yi duk na gado ne, wanda shi ma ya tarar a wurin nasa maigidan. Yaro bai isa ya ƙirƙiro nasa ba. To, wata kaka, ina saurayi gemu ya fara tsirowa, sai kawuna ya ja ni Zabarmari taya shi yankan shinkafa. Ni ɗan birni ne, lauje bai karɓe ni ba, kafin azahar tafin hannuna ya yi bororo, aka ce in hau kan tudu in riƙa korar tsuntsaye. Daga saman tudun nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Fadama ce shimfiɗe, an yanka ta gida-gida da kunyoyi, wani gidan kore shar, wani ya yi ruwan ɗorawa, wani an riga an yanke sai ruwa kwance yana ƙyalli. Ta tsakiyarsu kuma wata hanyar ruwa ta ratsa a karkace, ba ta bi ƙa'idar kowa ba. Na tsaya baki buɗe har tsuntsayen jan-baki suka sauka suka yi ta ci, kawuna yana ƙwala mini kira ban ji ba. Na sha zagi ranar, amma na dawo gida da fadamar nan a cikin kaina.

Da rana tsaka, lokacin da maigidana yake ɗan kishingiɗa bayan sallah, nake ciro wani yadi da na ɓoye ƙarƙashin tabarma ina shatawa kaɗan-kaɗan. Gidajen ba su ba ni wuya ba, rula ce. Hanyar ruwan ce ta wahalar da ni, don da hannu kawai ake jan ta, kuma dole ta zagaye hular ta dawo ta haɗu da kanta ba tare da an ga mahaɗa ba. Ranar da na gama, ina cikin kallonta, sai na ji inuwa ta rufe ni. Maigidana ne. Ya karɓa, ya juya ta, ya kai ta kusa da ido, ya nisantar. Ni kuwa na riga na sunkuyar da ƙeya ina jiran rula. Sai ya ce, "Wannan layi ya sha giya ne?" Na ce ruwa ne, Baba, na Zabarmari. Can ya miƙo mini ya ce, "Nemo wanda zai ɗinka. Ni babu ruwana." A bakinsa wannan yabo ne, kuma ban sake samun wanda ya fi shi ba.

Matan da muke kai wa aiki duk suka ƙi karɓa, suka ce layin zai cinye musu ido. Wadda ta karɓa wata budurwa ce a gidan da ke maƙwabtaka da na maigidana, wadda ni dai hannunta kawai na sani ta bayan labule, da lalle har wuyan hannu. Ta riƙe yadin ta ce, "Afuno, in na ɓata maka kada ka zo kana mini kuka a zaure." Ba ta ɓata ba. Ita ta zaɓi zaren ma, kore iri biyu da ruwan ɗorawa, ta yi hanyar ruwan da farin siliki. Lokacin da aka wanke hular aka buge ta aka kafa ta a rana, masu bugu suka ajiye katakonsu suka zo kallo. Ni kuwa ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba ranar. Budurwar nan ita ce tsohuwar da ke gidana yanzu, uwar 'ya'yana.

Wanda ya saye ta wani Alhaji ne dillalin busasshen kifi, kowa ya san shi da Mai Banda. Mutum ne mai ƙaton kai da son a gan shi, kuma ko wanka ya yi da turare sai ka ji hayaƙin kifi a jikinsa. Ya sa ta ya je wani babban ɗaurin aure. Ni ma na je, na tsaya can baya wurin takalma, ina kallon manyan mutane suna miƙa wuya suna tambayarsa. Ina jira ya waiwayo ya nuna ni, ko ya ce wani yaro ne a gindin dalbejiya. Bai ma san ina duniya ba. Kafin mako ya zagayo mutane suna zuwa rumfarmu suna cewa, "A zana mana Mai Banda." Fadamata, da ruwanta, da korenta, ta koma sunan kifi mai hayaƙi. Na je wurin maigidana ido ya kawo ruwa na ce wannan zalunci ne, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Ya ci gaba da jan layinsa bai ɗago ba, ya ce, "Me na gaya maka, Afuno?" Na zana Mai Banda da hannuna har ban san iyaka ba, wasu rumfunan suka kwaikwaya, ta kai har ƙauyuka. Da Alhajin ya rasu yayinta ya wuce, sunan ma ya bi shi kabari.

Na yi sauran rayuwata a kan tabarma, na ci, na sha, na aurar da 'ya'ya, alhamdu lillahi. Amma sana'ar a lokacinmu ta rufin asiri ce kawai, ba wanda ya gina bene da ita. Sai shekarun tashin hankali suka zo, garuruwa suka watse, mutane suka kwararo cikin Maiduguri ba gona ba shanu. Abin da ya rage a hannun da yawansu allura ce. Ka shiga kowane lungu ka ga mata da maza, har da waɗanda a da suke ganin ɗinkin hula aikin zaman banza ne, kowa da farin yadi a cinya. Da allurar nan zawarawa suka ciyar da marayu, da ita aka mayar da yara makaranta. Wannan ba zan musa ba, na gani da idona. Daga nan 'ya'yan waɗannan mutane suka taso da waya a hannu, suka mayar da abin wani iri. Yanzu hula ɗaya tana ciyar da mai zane da mai ɗinki da mai wanki, ta ciyar da mai ɗaukar hoto, da mai buga kwali, da ɗan keken da zai kai ta tasha. Yaro yana zaune a shago mai gilashi, wani a Legas ko Njamena ko Makka ya ga hula a waya ya ce ita yake so. A Gomari nake zaune, jirgi yana tashi ta saman gidana, kuma duk lokacin da ya wuce sai in ce a raina rabin cikinsa huluna ne. Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne ɗan ƙyallen da suke liƙawa a cikin hular, mai ɗauke da sunan mai shagon da ya fitar da ita. Yaron da bai kai jikana ba, sunansa yana yawo a kan gwamnoni. Mu aka ce mana hula ba ta hannu ba ce, muka yarda, ashe jira kawai ake mu tsufa a canza dokar.

Idona ya yi rauni, hannuna ya fara rawa, na daina zane. Sai dai nakan je wurin masu wankin hula da ke kusa da Kasuwar Kwastam in zauna, don sautin bugun nan shi kaɗai ne bai canza ba. Wata rana da hantsi ina zaune sai na ga an jera huluna a rana, sababbi fil, layi guda. Ko da ido ya mutu ya san ɗansa. Gidaje kore da ruwan ɗorawa, farar hanya ta ratsa su a karkace. Na tashi na ɗauki ɗaya, na juya cikinta, sai ga ƙyalle da sunan wani. Na tambayi mai wankin ya kwatanta mini shagon, ban ko tsaya sallama ba na tari keke.

Shagon ya fi ɗakin kwanana girma, fitilu ko'ina, sanyi kamar randa. A gefe an kafa farin ƙyalle wani yana ɗaukar huluna hoto. Mai shagon saurayi ne siriri mai fara'a, ya taso da kansa ya tarye ni da gaisuwar Barebari.

"Wushe, Baba, wushe. Shigo ka zauna, rana ta yi zafi."

Ban zauna ba. Na nuna hular na ce, "Ɗana, wannan zanen a ina ka samo shi?"

Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Ta babana ce, Allah ya ji ƙansa. Ranar da muka gudo daga garinmu ita ce a kansa, ba mu fito da komai ba sai ita da kayan jikinmu. Ta tsufa har zaren ya fara zuba. Da ya rasu na kwafe zanen don kada ya ɓace." Ya shafa farar hanyar da yatsa. "Na so in miƙar da wannan layin a kwamfuta, ya yi daidai da sauran. Da na miƙar sai na ga hular ta mutu. Na mayar da shi yadda yake."

Wallahi na so a ce sakarai na tarar, in zage shi in huce. Sai ga shi yaron yana da ido, ya ga abin da matan unguwarmu ba su gani ba a wancan lokacin. Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Na ce masa, "Ni na zana ta. Fadamar Zabarmari ce, wannan layin hanyar ruwa ce." Na ba shi labarin tudu da tsuntsaye da Alhaji Mai Banda. Ya saurara da ladabi, hannu a ƙirji, wayarsa tana ta ƙara yana kashewa. Da na gama ya yi murmushi irin wanda ake yi wa tsoho.

"Allah ya ja kwana, Baba. Kada ka ji haushi, amma ba kai ne na farko ba. Tun da ta fara kasuwa dattawa suke zuwa, kowa ya ce shi ne. Wani ma ya ce a mafarki aka nuna masa. Ni ban ƙaryata kowa ba. Amma in na rubuta sunan ɗaya, me zan ce wa sauran?"

Na buɗe baki in kawo shaida, sai na rasa wa zan kira. Maigidana ya rasu, Alhajin ya rasu, masu bugun da suka ajiye katakonsu ranar duk sun rasu. Saura matata, kuma wa zai karɓi shaidar tsohuwa a kan mijinta? Al'adar da na yi wa biyayya ba ta bar mini ko zare ɗaya da zan kama ba. Yaron ya ga yadda na tsaya, tausayi ya kama shi. Ya zaɓo ɗaya daidai kaina, ya cire tsohuwar hulata da hannu biyu, ya ɗora mini sabuwar ya ce kyauta ce. Mai hoton ya waiwayo ya ce, "Kai! Oga, dubi yadda ta zauna masa. Baba, ɗan matso nan. Yi murmushi kaɗan." Murmushin me? Na ɗaure fuska tamau, zuciyata tana tafasa, ina hararar fitilunsu da gilashinsu da ƙuruciyarsu. Ya ɗauka a haka. Mai shagon ya ce ko na yarda su sa a waya, na ce su yi abin da suka ga dama, na fita.

Ba a daɗe ba 'yata ta zo gida da waya tana dariya har da riƙe ciki. Hoton ya zagaye duniya. Ta riƙa karanta mini abin da mutane suke rubutawa, wai dubi kwarjini, wai dubi dattako irin na mutanen da, wai wannan fuskar ta ga zamani. Ba wanda ya gane ƙyashi ne tsagwaronsa. Kuma da yake tsohon sunan ya mutu, zanen ba shi da suna, sai masu saye suka fara cewa a aiko musu da irin ta Baba Ba Wasa. Sunan ya kama. Yanzu ko a wurin masu wanki haka suke kiranta, a gabana, suna ƙunshe dariya. Wato dai dokar maigidana ba ta mutu ba, kwanciya ta yi tana jirana. Hannuna ya yi wa zanen nan bauta tun ina saurayi ba a san shi ba, kaina ya zauna ƙarƙashinsa na ɗan lokacin shan shayi ya tafi da sunan.

Na kai ƙara wurin tsohuwa, tana zaune a tsakar gida tana tsintar shinkafa a faifai. Na yi ta faɗa, ita ko ɗagowa ba ta yi ba. Da na gaji ta ce, "Malam, kai dai ba ka da godiya. Ko ta kai ko ta ƙafa, sunan ya zo gidanka." Na ce ba wannan nake so ba, so nake a san hannun da ya yi. Sai ta ajiye faifan, ta miƙo mini ɗan yatsanta, wanda har yau kansa yake da kanta saboda allura. "Wannan fa, Afuno? Kai ka ja layi da biro ka tafi shan shayi. Ni na bi shi huda bayan huda har idona ya yi ja. Wa ya zaɓi koren? Ka taɓa ji na je shagon wani ina rantsuwa?" Ta ɗauki faifanta ta ci gaba. Gaskiyarta ce, amma kada a ɗauka hakan ya rage mini ƙyashi ko kaɗan.

Makon jiya sai ga yaron da kansa a ƙofar gidana, da mota, da buhun shinkafa da turmin atamfa na tsohuwa. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Ya ce sun fitar da sababbin zanuka na Sallah, kuma masu saye sun ce sai sun gan su a kaina.

"Baba, kanka yana da kasuwa," in ji shi.

Na ce, "Hannuna fa, ɗana?"

Ya dubi hannun, yana rawa a kan gwiwata. Ba da rashin kunya ya faɗa ba, bayanin aiki kawai yake mini. Ya ce, "Ai hannu ba ya fitowa, Baba. Daga kafaɗa zuwa sama muke ɗauka."

Na so in ce ya kwashe shinkafarsa. Tsohuwa ta yi gyaran murya daga bayan labule, sai na shiga na sako babbar riga. Suka zaunar da ni gaban farin ƙyallen, suka kunna fitilu, suna ɗora mini hulunan wasu ɗaya bayan ɗaya, kowace da sunan yaro a cikinta. Wannan karon ba wanda ya ce in yi murmushi, cewa suke, "Yauwa Baba, ɗaure sosai, kamar ta rannan." Bai yi mini wuya ba. Ina zaune ina hararar su, sai na ji yatsana yana motsi a kan gwiwa shi kaɗai, yana jan hanyar ruwan nan a karkace bisa rigata, yana neman inda za ta dawo ta haɗu da kanta. Mai hoton ya ce in ɗago haɓa. Na ɗago, ya ɗauka daga kafaɗa zuwa sama.